Hoton Cikinki: Ina Yake Shiga Bayan An Ɗauka?

Akwai wata tambaya da ma'aikatan ɗakin hoto suke yi wa kusan kowace mai juna biyu kafin ta hau gado: "Hajiya, an taɓa yi miki hoto a wannan cikin?" Galibi amsar ita ce, "E, an yi." Da an ce, "To ina takardar?" sai labari ya sha bamban. Wata ta ce tana gida a ƙasan adaka. Wata ta ce ai maigida ne ya karɓa, shi kuwa ya yi tafiya. Wata kuma ta kwance bakin mayafi ta miƙo 'yar takarda a nannaɗe, a warware a tarar hoton ya koɗe ya yi fari fat, ko ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, babu abin da likita zai iya karantawa a ciki.

Da yawa daga cikin iyayenmu mata suna ɗaukar hoton ciki, wato abin da aka fi sani da sikanin, a matsayin abu na rana ɗaya. An shafa mai, an duba, an ce lafiya lau, shi ke nan. Alhali kuwa babban amfaninsa sau da yawa ba ya fitowa sai daga baya, ranar da aka ajiye shi kusa da wani sabon hoton aka gwada su. Don haka a wannan fitowa za mu yi bayanin inda hoton yake shiga bayan an ɗauka, da yadda ake adana shi a na'ura mai ƙwaƙwalwa, da yadda ake nemo shi, da kuma abin da ya rage a hannunki ke da maigidanki.

Daga Zurgu zuwa Kano, daga Kano zuwa Zurgu

Mu ɗauki misali da yarinyar da aka aurar daga Zurgu, a ƙaramar hukumar Rano, aka kai ta cikin birnin Kano. Ta sami cikin fari, tana zuwa awo. A wata na biyar aka yi mata hoto aka ce mabiyiya ta sauko kusa da bakin mahaifa, ta dawo a sake dubawa idan ciki ya kai mako 32. Kafin lokacin ya yi sai iyaye suka aiko, kamar yadda al'ada ta tanada, aka mai da ita gida goyon ciki. Wani dare tana kwance, babu ciwon mara babu naƙuda, sai ga jini.

Duk ma'aikacin da zai karɓe ta a daren nan, ko a ƙaramin asibitin da ke kusa ne ko a babban asibitin Rano, abu uku yake son ya sani nan take. Cikin mako nawa ne? Ɗa ɗaya ne ko tagwaye? A ina mabiyiya take? Tambaya ta ukun nan ba ƙarama ba ce. Idan mabiyiya ta tare bakin mahaifa, sa hannu a duba mace ta ƙasa, irin yadda aka saba yi wa mai naƙuda, yana iya ɓalle jinin da ba ya tsayawa sai a ɗakin tiyata. Amsoshin nan uku duk suna cikin hoton da aka yi mata a Kano. Abin tambaya shi ne ko hoton ya biyo ta.

Irin wannan kai-da-kawo ba na mutanen Zurgu kaɗai ba ne. Haka abin yake ga 'yan Kibiya da Tarai da Rurum da sauran garuruwan kudancin Kano. A yi awo a wani gari, a je haihuwa a wani, idan abu ya gagara a turo mace cikin birni, asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. Mace ɗaya, ciki ɗaya, amma asibiti uku ko huɗu, kuma kowane ɗaya yana farawa ne daga abin da aka kawo masa. Binciken lafiyar al'umma da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya ƙiyasta cewa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Nijeriya mata 512 ne suke rasa ransu ta dalilin ciki ko haihuwa, kuma zubar jini yana sahun gaba cikin musabbabai. Hoto ba ya tsayar da jini. Amma yana gaya wa likita abin da zai yi da abin da ba zai yi ba, a lokacin da kowane minti yake da tsada.

Mene ne ainihin hoton?

Na'urar hoton ciki ba haske take amfani da shi ba, sauti ne. Ƙaramin abin da ake gogawa a kan ciki yana aika sauti mai kaɗawa kamar sau miliyan 2 zuwa 5 a cikin daƙiƙa ɗaya. Kunnen ɗan Adam ba ya jin abin da ya wuce kaɗawa 20,000, shi ya sa ba kya jin komai. Sautin yana shiga jiki ya bugi abu ya dawo, kamar yadda yaro zai yi kira a tsakanin duwatsun Rano ya ji muryarsa ta dawo masa. Na'urar tana lissafa lokacin da sautin ya ɗauka kafin ya dawo da kuma ƙarfin da ya dawo da shi, sai ta zana. Ƙashi yana fitowa fari domin yana mai da sauti sosai, ruwa kuwa baƙi domin sauti ratsa shi yake yi ya wuce. Wani likitan mata mai suna Ian Donald ne da abokan aikinsa a birnin Glasgow na Birtaniya suka fara bayyana amfanin wannan hanya a 1958.

Hoton da aka saba gani, mai fari da baƙi, yanka ɗaya ne kawai. Ki ɗauka kin yanka kankana a tsakiya kin dubi fuskar yankan. Kin ga tsawo da faɗi, amma ba ki ga abin da ke gaba ko bayan wuƙar ba. Mai ɗaukar hoton shi ne yake ta juya hannunsa yana kallon yanka bayan yanka, yana haɗa siffar jaririn a cikin kansa.

Hoton da ake kira 3D kuwa, na'urar ce da kanta take ɗaukar yanka masu yawa a jere, ta jera su ɗaya bayan ɗaya kamar yankakken burodi da aka mayar cikin ledarsa, sai a sami abu mai tsawo da faɗi da zurfi. Wani likita ɗan Japan, Kazunori Baba, shi ya fara fitar da irin wannan hoton na ɗan tayi a birnin Tokyo a 1986, kuma a 1989 wani kamfani na ƙasar Ostiriya, Kretztechnik, ya fara sayar da na'urar da ke yin sa. Idan ana sabunta hoton da sauri har ana ganin jariri yana motsi, shi ake kira 4D.

Jama'a sun fi sanin 3D da nuna fuskar jariri. A wurin likita kuwa babban amfaninsa daban ne. Tun da dukan curin aka ajiye, ba yanka ɗaya ba, ana iya dawowa bayan mace ta koma gida a sake yanka shi a kan allon kwamfuta ta kowace fuska: daga sama, daga gefe, ko a karkace. Ƙwararren da ba ya nan ranar da aka ɗauka yana iya buɗewa bayan mako guda ya duba leɓen jariri, ko jerin ƙashin bayansa, ko siffar mahaifar uwar, ba tare da an sake ɗauko ta daga Kibiya an biya kuɗin mota ba.

Hoton CT da na MRI su ma a kan wannan tsari suke, yanka bisa yanka. An fara yi wa majiyyaci CT a Landan a 1971. Yanka ɗaya na CT yawanci ɗigo 512 ne a tsaye, 512 a kwance, wato ɗigo 262,144, kuma gwaji ɗaya yana iya ƙunsar yanka ɗari biyar ko fiye. Babu takardar da za ta ɗauki wannan.

To ita 'yar takardar da ake ba ki fa? Yanka ɗaya ce ko biyu da mai hoton ya zaɓa ya buga. Kuma yawancinta ba da tawada ake buga ta ba, da zafi ne, irin takardar da mai POS yake ba ki idan kin cire kuɗi. Kin san yadda waccan take gogewa bayan 'yan watanni. Rana tana koɗar da ita, zafi yana baƙanta ta, mai da turare suna cinye ta. Mun sha ganin magidancin da don son adana hoton ɗansa ya kai aka manne shi da leda a injin zafi, ya karɓo takardar baƙa wuluk.

Rumbun da ake zuba hotuna

Manomi ba ya zuba gero da dawa da wake a rumbu ɗaya ba tare da ya san inda kowanne yake ba. Haka ma hoto. Adana shi a kwamfuta ba wuya ba ne, nemo shi bayan shekara biyu a cikin dubban ɗaruruwa shi ne aiki. Wannan ne ya sa aka ƙirƙiro rumbun bayanai na hotunan asibiti, wanda ma'aikata suke kira PACS. An fara tattauna shi sosai a wani taron masana a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1982.

Da farko kowane kamfani da irin yaren da na'urarsa take rubuta hoto, ta yadda hoton wannan ba ya buɗuwa a wancan. Ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka da ƙungiyar masu ƙera na'urori suka zauna suka fitar da ƙa'ida ɗaya a 1985, aka yi ta gyara ta har ta zama abin da ake kira DICOM a 1993. Ita ce ake bi a duniya har yau. Abin da ƙa'idar ta ce a taƙaice shi ne, kowane hoto sai ya tafi da shaidarsa manne a jikinsa: sunan mai shi, lambar asibitinta, ranar haihuwarta, rana da lokacin da aka ɗauka, irin na'urar, sashen jikin da aka duba, da kuma ma'auni, wato ɗigo ɗaya milimita nawa yake wakilta. Wannan na ƙarshen shi ne yake ba wani likita damar sake auna kan jariri ko ƙashin cinyarsa a kan tsohon hoto ya sami lissafi daidai. Idan hoton mai yanka da yawa ne, kowane yanka yana ɗauke da bayanin inda yake a cikin jerin da tazarar da ke tsakaninsa da na kusa da shi. In babu wannan, kwamfuta ba za ta iya mayar da burodin yadda yake ba.

Rumbun kashi biyu ne. Akwai inda hotunan kansu suke, masu nauyi. Akwai kuma wani kamar littafin rajista, mara nauyi, wanda ya ƙunshi shaidar kowane hoto da inda aka ajiye shi. An tsara shi hawa-hawa. A sama akwai majiyyaciya. A ƙarƙashinta akwai kowane zuwa da ta yi aka ɗauke ta hoto. A ƙarƙashin kowane zuwa akwai jerin hotunan da aka ɗauka, sannan hotunan ɗaya-ɗaya. Idan likita ya buga lambarki, kwamfuta ba ta bin hotuna tana buɗewa. Rajistar take dubawa, cikin ƙiftawar ido ta jero duk zuwan da kika yi, sai ya zaɓi wanda yake so a ɗauko masa. Yana iya taƙaita tambayar: hotunan wannan lamba, na ciki kawai, daga watan Janairu zuwa yau. Wanda ya taɓa zama a bakin ɗakin kati tun safe ana neman fayil ɗinsa ya san bambancin.

Indo ce ko A'isha?

A nan ne muke son iyayenmu mata su ba mu hankalinsu, domin wannan ɓangaren a hannunku yake. Kwamfuta ba ta san fuska ba. Abin da aka rubuta mata shi ta sani.

A wurinmu Indo da A'isha mutum ɗaya ce, haka Kulu da Hauwa, haka Binta da Fatima. A wurin kwamfuta mutum biyu ne. Mace ta zo awon farko ta ba da sunan yanka da sunan mahaifinta. Ta zo na biyu ta ba da laƙabi da sunan miji. Ranar naƙuda kuma uwar miji ce ta tsaya a wurin yankar kati, ita kuwa saboda alkunya ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, sai ta ba da wani. Ga mace ɗaya ta rabu gida uku a cikin rumbu, kowane gida da guntun labarinta. Ta ɗaya ɓangaren kuma, a asibiti mai cunkoso a rana ɗaya ana iya samun mata da yawa masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. Ranar haihuwa da ya kamata ta raba su, da yawa ba a rubuta ta ba tun asali, sai ma'aikaci ya ƙiyasta shekara ya sa 1 ga Janairu.

Lambar asibiti ce take warware wannan. Ki riƙe katinki kamar yadda kike riƙe katin zaɓe ko na banki. Ki rubuta lambar a wani wuri daban, maigida ma ya sa ta a wayarsa. Ki zaɓi suna ɗaya ki tsaya a kansa a kowane asibiti, kuma wanda zai raka ki ya san sunan da ke kan katin. Kafin a fara hoton, ba laifi ba ne ki ce, "Malam, don Allah karanta mini sunan da ka sa." Ma'aikacin kirki zai ji daɗin wannan tambayar.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ba za mu ɓoye ba, wato aron kati. Mace ta karɓi katin 'yar'uwarta ko na abokiyar zamanta don ta huta da kuɗin yankar sabo ko dogon layi. Wannan ganganci ne. Hoton da aka yi miki zai shiga gidan mai katin. Gobe ita ta zo da matsala, likita ya buɗe ya ga mabiyiya a sama alhali tata a ƙasa take, ko ya ga ciki mako 38 alhali nata 33 ne. Rukunin jini ma haka zai cakuɗe. Kuɗin katin da aka tsimi bai kai ko kusa da abin da za a iya asara ba.

Abin da tsohon hoto yake faɗa

Na farko shi ne kwanakin ciki. Mata da yawa suna samun ciki suna shayarwa, al'ada ba ta dawo ba, don haka babu ranar da za a fara ƙirga mako 40 daga gare ta. Hoto yana ƙiyasta kwanaki ne ta hanyar auna girman ɗan tayi. A farkon ciki duk 'ya'ya kusan girmansu ɗaya ne, shi ya sa hoton da aka yi kafin mako 14 kuskurensa ba ya wuce kwana 5 zuwa 7. A watannin ƙarshe kuwa wani jaririn babba ne wani ƙarami, kuskuren yana iya kai mako 3. Saboda haka ranar haihuwar da hoton farko ya bayar ita ake riƙewa, ba a sauya ta don wani hoton baya ya faɗi daban. Idan hoton farkon ya ɓata, an rasa ma'auni mafi inganci, kuma ba ya dawowa. Da wannan ranar ake yanke shawarar ko ciki ya wuce lokaci a tayar da naƙuda a mako 41, ko kuma naƙudar da ta zo ta bakwaini ce a yi wa uwa allurar da ke taimaka wa huhun jariri, wadda aka fi bayarwa tsakanin mako 24 da 34. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 2016 ta ce kowace mai ciki ta sami hoto sau ɗaya kafin mako 24, tare da ganin ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa.

Na biyu shi ne girma. Hoto ɗaya yana iya cewa jariri ƙarami ne, amma ba zai ce ko ƙaramin halitta ne mai lafiya ko kuwa abinci ne ba ya isa gare shi ba. Sai an sami awo biyu, aƙalla mako 2 tsakaninsu, an ɗora su a kan jadawali an ga ko yana hawa ko ya tsaya. Mai hawan jini a lokacin ciki ta fi kowa bukatar wannan. Su kansu jadawalan daga hotunan da aka adana aka samo su. Ɗaya daga cikinsu, wanda aka fitar a 2014 a ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Oxford, an gina shi ne da awon dubban mata daga ƙasashe 8, Kenya tana ciki.

Sai mabiyiya. A kwantar da hankali, yawancin waɗanda aka ce tasu ta sauko a wata na biyar, kamar tara cikin goma, kafin ƙarshen ciki mahaifa ta buɗe ta girma, mabiyiyar ta yi nesa da baki. Amma ba a sanin wacece ta goman sai an sake dubawa an gwada da na baya. Idan kuma an taɓa yi wa mace aiki a haihuwar da ta wuce, sannan ga mabiyiya a ƙasa ta gaba, to akwai tsoron ta manne a tabon. Irin wannan haihuwar a babban asibiti mai jini a ajiye da ƙwararrun likitoci ya kamata a shirya ta tun da wuri.

Tagwaye ma da nasu. Ko mabiyiya ɗaya suke tarayya a kai ko kowa da tasa, an fi gane wannan tsakanin mako 11 da 14. Daga baya yana wuyar ganewa. Masu mabiyiya ɗaya ana son a riƙa duba su duk mako 2 daga mako 16. Likitan da ya karɓe ki a wata na bakwai ba shi da hanyar komawa baya sai ta wannan tsohon hoton.

Inda gizo yake saƙa

Ba kowane asibiti ne yake da irin wannan rumbu ba. Yana bukatar wutar da ba ta yankewa, da ɗaki mai sanyi, da ma'aikacin da ya san aikin, da kuma kwafi na biyu a wani wuri daban don gudun gobara ko lalacewar na'ura. Wurare da yawa, musamman ƙananan ɗakunan hoto, a cikin na'urar kanta hotuna suke zama, idan ta cika a goge na baya. Ko inda ake da rumbun, sau da yawa na wannan asibitin ba ya magana da na wancan. Don haka, har yanzu ke ce babbar hanyar da labarin cikinki yake bi daga Kano zuwa Rano.

Abin da ya fi muhimmanci ki riƙe shi ne rubutaccen rahoton, wanda aka sa kwanan wata da awo da sa hannu, fiye da 'yar takardar hoton. Ki sa a yi masa hoto-kwafi tun yana sabo, a haɗa da hoton, domin kwafin ba ya gogewa kamar na asali. Ki ajiye su a ambulan tare da katin awo, a inuwa, nesa da murhu da kayan shafa. Idan za a tafi goyon ciki, ambulan ɗin ya riga kayan jariri shiga jaka, kuma mahaifiyarki ko wadda za ta kula da ke ta san inda yake. Idan hoton 3D ne ko CT ko MRI, ki tambaya ko za a iya sa miki shi a faifan CD ko filas, a ainihin siffarsa ta DICOM.

Ɗaukar hoton takardar da waya yana da amfani, a yi shi. Sai dai a sani cewa hoton da aka ɗauka daga allo aka tura ta WhatsApp ya rasa shaidar nan da ke manne da shi, an kuma matse shi ya rage kyau. Likita zai iya karanta rubutun da ke jiki, amma ba zai iya sake yanka shi ko auna shi da tabbaci ba.

Wa yake ganin hotona?

Wannan tambayar magidanta suka fi yi, kuma tana bisa hanya. Da farko dai hoton ba ya nuna fuskar mace ko fatar jikinta, abin da ke ciki kawai yake nunawa. Amma yana ɗauke da suna da lamba, don haka sirri ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin lafiyar majiyyaci sirri ne, ba a fitar da shi sai da yardarsa ko bisa wasu dalilai da doka ta ƙayyade. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman, ta kuma ba mutum 'yancin neman kwafin bayanansa. Rumbun da aka tsara da kyau kowane ma'aikaci da lambar sirrinsa yake shiga, kuma yana rubuta wanda ya buɗe hoton wa, da wane lokaci. A asibitin koyarwa ana amfani da hotuna wajen karantar da ɗalibai da bincike, amma ƙa'ida ita ce a cire suna da lamba tukuna. Haka nan idan hoton na ta ƙasa ne, kina da damar ki nemi a yi miki bayani kafin a fara, ki kuma nemi mace ta yi miki ko ta tsaya a wurin.

Sai 3D ne hoto ya cika?

A'a. Hoton da aka saba, mai fari da baƙi, a hannun wanda ya ƙware shi ne ginshiƙin aikin, kuma da shi ake gano kusan duk abin da muka ambata. 3D ƙari ne da likita yake nema idan ya ga abin da yake son ya tantance. Kada maigida ya ji ya gaza don bai biya kuɗin mai tsadar ba. Kada kuma a ɗauki kuɗin maganin ƙarin jini a kai wurin kallon fuskar jariri ko neman sanin mace ce ko namiji. Ba a san hoton sauti da cutar da uwa ko ɗa ba idan an yi shi bisa ƙa'ida, amma masana ba sa goyon bayan a daɗe ana haska jariri don nishaɗi kawai.

CT daban ne, domin shi da hasken eksire yake aiki. Idan an rubuta miki shi ko eksire, ki faɗa wa ma'aikata kina da ciki ko kina zaton akwai, tun kafin ki shiga. Wani lokaci ya zama dole a yi shi don ceton rai, likita ne zai auna. MRI ba ya amfani da wannan hasken, sai dai akwai wani ruwan allura da ake haɗa shi da shi wanda ake gujewa a lokacin ciki. A nan ma ajiya tana da rana. Idan an taɓa yi miki CT a wani asibiti kuma faifan yana hannunki, mai yiwuwa ba sai an sake ba.

Ita kuwa yarinyar nan ta Zurgu, idan ambulan ɗinta yana cikin jaka, ma'aikaciyar da ta karɓe ta za ta karanta layi ɗaya ta ga an rubuta mabiyiya a ƙasa. Ba za ta sa hannu ba. Za ta sa mata ruwa, ta nemi a gwada jinin 'yan rakiya, ta rubuta takardar turawa da kwanakin cikin daidai, mota ta kama hanyar Kano. Duk mai cikin da ta ga jini, ko kaɗan ne ko babu ciwo, asibiti za ta nufa a wannan lokacin, da katinta da takardunta, ba sai gari ya waye ba.